Amsa kan J.H. Mensah

Salamu alaikum ɗan uwa, ka tambaya wai wane ne J.H. Mensah da dattawan jam'iyyar NPP ta Ghana ke yawan ambata, kuma da gaske surukin tsohon shugaban ƙasa Kufuor ne? Eh gaskiya ne, Theresa matar Kufuor ƙanwarsa ce. Amma fa ba auren ne ya ɗaga shi ba, tun zamanin Nkrumah yake aikin tsara tattalin arziki, da hannunsa a shirin raya ƙasa na shekara 7.

A 1969 ya ci kujerar Sunyani, firaminista Busia ya ba shi ministan kuɗi, a nan ne abin ya yi zafi, koko ya faɗi a kasuwar duniya ga bashi ya yi katutu, sai a Disamban 1971 suka karya darajar sidi, kaya suka yi tashin gwauron zabi, ko wata ɗaya ba a yi ba Kanar Acheampong ya kifar da su ranar 13 ga Janairu 1972. Daga baya har kurkuku ya sha.

Ya dawo majalisa a 1997 daga Sunyani East ya jagoranci ƴan adawa, da Kufuor ya hau mulki ya naɗa shi babban minista. Ya rasu 2018.

Ni dai ina girmama iliminsa wallahi, sai dai mu ƴan zangon Kumasi ba ma iya ambaton gwamnatin Busia mu manta da dokar korar baƙi ta 1969, tsofaffinmu har yau suna ba da labarin maƙwabtan da suka sayar da gida da rumfa a wulaƙance suka hau lori da tabarma da ƴaƴa suka nufi boda.