Amsa ga Hajiya ta Madina kan bututun da ke yoyo a gindin darbejiya

Wa alaikumus salam, Hajiya, sannu da ɗawainiya. Kin ce ƙasar gindin darbejiyar tsakar gidanki ba ta bushewa, kuɗin ruwa ya haura, da aka tona kuma sai aka tarar saiwa ta nannaɗe bututun roba. Wani ya ce a sare bishiyar, wani ya ce a ɗaure wurin da robar taya a mayar da ƙasa. Na daɗe ina gyaran famfo a Madina da Adenta da Nima, unguwannin Accra a Ghana, kuma shawarata ita ce kada ki bi ko ɗaya daga cikin biyun.

Saiwa ba ta huda lafiyayyen bututu haka kawai. Danshi take bi. Galibi akwai wani haɗi da ba a yi wa gam da kyau ba tun ranar da aka binne shi, yana tsattsafo kaɗan-kaɗan, siraran saiwoyi su ji sanyi su taru a wurin. Shekara na tafiya suna kauri, suna tura bututun gefe, har haɗin ya buɗe ko jikin robar ya tsage. In an sare bishiyar an bar haɗin, yoyon na nan. Kuma darbejiya tana sake tohowa daga kututture da saiwa, kin ga an rasa inuwa, ba a huta ba.

Ɗaurin robar taya shi ne ya fi tayar mini da hankali, ba don asarar ruwa kaɗai ba. Ruwan famfo na matatar Kpong da muke samu a wannan ɓangaren ba kullum yake zuwa ba. Lokacin da yake gudu, ƙarfinsa na tura ruwa waje ta tsagar. Da an ɗauke, bututun ya zama wayam, sai ya riƙa tsotso abin da ke kewaye da shi zuwa ciki: ruwan kwata, ruwan wanka, abin da ya tsiyayo daga sokawe. Randa ruwa ya dawo, wannan ƙazantar ce farkon shiga tankinki, ita yara za su sha. Wanda ya ga kwalarar da ta afka wa Accra a 2014 ba zai yi wasa da tsagar bututun ruwan sha ba, ko da ba ta wuce girman gashi ba.

Kafin a taɓa komai, ki duba ko fashewar tana bayan mita ne, wato ta ɓangaren gida. In haka ne gyara naki ne. In kafin mita ce, ta kamfanin ruwa ce, a kai musu rahoto ofishinsu na yanki, kada mai gyaranki ya sa hannu. Sannan ki rufe duk famfunan gida da bawul ɗin shiga tanki a ranar da ake da ruwa, ki kalli mita. In tana juyawa, ruwa na fita. Wannan gwajin za ki sake yi bayan gyara, don sau da yawa wurin da aka gani ba shi kaɗai ba ne.

Wajen tono, a ajiye diga da zarar an kusa bututun, a koma shebur da hannu. A buɗe ramin da faɗi, kamar mita ɗaya kowane gefe, a kuma zurfafa ƙarƙashin bututun don ruwan da zai tsiyayo ya sami wurin kwanciya. Ƙaramin rami shi ke sa mai gyara ya yi haɗi a cikin taɓo.

Daga nan sai a san wane irin bututu ne, don a nan ake yawan ɓata aiki. Mai tauri, fari ko ruwan toka, PVC ne, gam ke haɗa shi. Baƙi mai lanƙwasuwa wanda ake sayarwa a naɗe, HDPE ne, gam ba ya kama shi ko kaɗan, sai haɗin murɗawa mai zoben roba a ciki. Kore kuwa PPR ne, injin zafi ke narka bakinsa a zafin da ya kai digiri 260. In kika ga mutum ya ɗauko gwangwanin gam zai shafa wa baƙin bututu, ki sallame shi cikin mutunci.

In PVC ne, a yanke wurin da ya lalace da zarto, a ƙara kamar taƙi ɗaya kowane gefe, domin robar da saiwa ta daɗe tana matsa ta gaji ko da ido bai gani ba. A kankare bakin, a goge shi ya bushe ƙarau. Gam ba ya shiri da ruwa ko ƙasa. A shafa a bakin bututu da cikin soket, wato gajeren haɗin da bakunan bututu biyu ke shiga, a tura a ɗan murɗa, a riƙe kamar daƙiƙa 30 don kada ya dawo baya. Matsalar ita ce bututun da ke binne ba ya ja ba ya matsawa, soket na biyu ba zai shiga da sauƙi ba. Kada a lanƙwasa shi da ƙarfi. A sa yuniyon, wato haɗi mai murɗawa da ake iya kwancewa, ko a yi kewaye da elbo huɗu, wato haɗin nan mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Haka kuma ban yarda da gasa bakin bututu a wuta don a buɗa shi a cusa wani ba. Ana yi sosai a unguwanninmu, amma wurin da wuta ta taɓa yakan yi siriri ya yi gautsi, nan zai fara fashewa. Wajen saye kuma a karanta rubutun jikin bututun, a nemi na ruwan famfo mai lambar da ke nuna ƙarfin ruwan da zai iya ɗauka, kamar PN10. Siririn nan na zubar da ruwan wanka ya fi araha, amma ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin ruwa ba.

Da gidana ne, Hajiya, da ba zan yi faci a gindin bishiya ba sam. Zan bar tsohon layin a ƙasa, in ja sabo da baƙin HDPE guda ɗaya ba haɗi, in kewaye bishiyar da nisan mita 3 ko fiye, haɗin ya kasance a farko da ƙarshe kawai, inda hannu zai kai. In fili bai ba da dama ba, a zura shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi, saiwa ta matsa na waje ta bar na ciki. A binne da zurfin akalla santimita 45, a shimfiɗa yashi ƙasa da sama, ba ɓaraguzan bulo ba. Kuɗin ya fi na faci, amma bai kai na tono uku da kuɗin ruwan wata shida ba.

Saiwoyin da ba su wuce kaurin yatsa ko biyu ba, a yanke su da zarto, ba komai. Manyan da ke kusa da gindi su ke riƙe da bishiyar, in aka datse su gefe guda, iskar ruwan Mayu da Yuni na iya kwantar da ita a kan rufi. Kuma don Allah kada a zuba baƙin mai ko kananzir ko maganin kashe ciyawa a ramin wai don a kashe saiwa. Mai yana ratsa jikin roba ya shiga ruwa, kuma in ya shiga, sai an canza bututun.

Bayan haɗi, a bar gam ya kwana kafin a saki ruwa. Kada a rufe ramin sai ruwa ya zo an gani da ido, ko da za a jira kwana biyu, a dai rufe bakinsa da katako saboda yara. A duba da dare, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, a shafa busasshen tsumma a kowane haɗi. A buɗe bawul a hankali, famfo ɗaya na buɗe don iska ta fita, a zubar da ruwan farko har ya washe kafin a sake shi cikin tanki. In kuma yoyon ya daɗe, a wanke tankin, a tafasa na sha na 'yan kwanaki.

Ki turo hoton bututun da rubutun da ke jikinsa, da nisan mita zuwa tanki, in faɗa miki kayan da za ki saya. Allah Ya rufa asiri.