Tambayoyinku: Wai Da Gaske Za A Kashe FM, Rediyon Baba Ta Tashi Aiki?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon saƙonni sun taru a kan abu ɗaya, maganar komawa rediyon dijital, sai na tsinci guda huɗu da nake ganin sun wakilci sauran. Masu tambaya a kan sola ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, dan Allah ina so ka warware mana wata magana, Babanmu yana da rediyo Kchibo da ta fi shekara goma a hannunsa ko gona zai je tana rataye a kafaɗa, to shekaranjiya wani a majalisa ya ce masa gwamnati za ta koma dijital duk rediyo irin tasa za ta daina kamawa sai an sayi dikoda, tun ranar hankalinsa bai kwanta ba yana ta cewa in tambayo masa kuɗin dikodar. Gaskiya ne ko zancen majalisa ne? Daga wani ɗalibi a Malumfashi.

AMSA: Ɗan'uwa ka gaida min Baba, ka ce ya sayi batir ɗinsa ya ci gaba da jin labarai, babu wata dikoda da zai saya. Mutumin majalisar nan ya ji ƙamshin magana ne amma ya haɗa abu biyu wuri ɗaya. Dijital ɗin da gwamnati ta daɗe tana ta sa wa rana na talabijin ne.

Asalin abin, a shekarar 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka zauna a Janiba ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, suka amince cewa zuwa 17 ga Yunin 2015 talabijin ta bar tsohon tsari ta koma dijital. Najeriya da Nijar da Gana duk suna ciki. Mu nan sai muka ce ai za mu riga kowa, muka sa 2012, ba a yi ba, 2015 ta zo ta wuce, aka ce 2017, ita ma haka. An dai ƙaddamar a Jos a watan Afrilun 2016, Abuja a Disambar wannan shekarar, Kaduna a ƙarshen 2017, Kano sai 2021. Dikodar da ake magana ita ce ta FreeTV, kuma a bayan talabijin ake jona ta, ba ruwanta da Kchibo. Yarjejeniyar nan ba ta sa wa FM ranar mutuwa ba sam.

Amma kar in yi maka rowar sauran bayanin, rediyon dijital akwai shi, kuma wanda aka fi sani sunansa DAB+. Shi muryar ake mayarwa lambobi irin yadda waya take yi da saƙon murya, a turo ta iska, akwatin ya mayar da ita murya. Babu shuuu ɗin nan, babu wata tasha ta hau kan wata, ba ka murɗa kan rediyo kana laluben mita, sunan tashar ne zai fito a rubuce ka danna. Illarsa kuma idan sigina ta yi rauni ba ya yi maka irin kawaicin FM da za ka ji rabi ka cike rabi da kanka, ɗif yake ɗaukewa. Kuma gaskiyar mutumin majalisa a nan ita ce tsohuwar rediyo ba ta kama shi, domin FM tana tsakanin 87.5 zuwa 108, shi kuwa yana can sama tsakanin 174 zuwa 230, dole sai sabon akwati.

Ƙasar da ta fara kashe FM na manyan tashoshinta ita ce Norwe, ta fara a Janairun 2017 ta gama a Disamba, kuma ko can ƙananan tashoshin gari an bar su a FM. Ingila kuwa BBC ta fara watsa DAB tun 1995, amma har yanzu ba su iya kashe FM ba. Gidan rediyon gwamnatin Suwizalan ya kashe nasa a ƙarshen 2024, masu sauraro da yawa suka gudu suka koma tashoshin da suka rage a FM har da na maƙwabta. To waɗannan fa ƙasashe ne da wuta ba ta ɗaukewa kuma mutum zai iya sayen sabuwar rediyo ba tare da ya sayar da tiya biyar ta masara ba. Ka lissafa namu da kanka.

TAMBAYA: Ni ina aiki ne a sashen injiniya na wani gidan rediyo mai zaman kansa, kuma wallahi abin da yake cinye mu man janareta ne, wani watan albashi sai ya jira saboda dizal, har mun rage awannin dare. Na ji ana cewa dijital ya fi sauƙin kuɗi ga gidan rediyo, shin haka ne, kuma wa zai riƙe ragamar abin idan an koma, NBC ce ko NCC? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

AMSA: Injiniya sannu da fama, wannan tambayar ita ce ta fi min daɗi domin nan ne maganar take.

Sauƙin kuɗi kam akwai. A FM kowane gidan rediyo da motarsa yake tafiya, na'urar watsawarsa daban, dogon ƙarfensa daban, janaretansa daban, maigadinsa daban. A DAB+ kuwa bas ake shiga. Na'ura ɗaya a kan mita ɗaya za ta ɗauki tasha goma sha biyar ko fiye, kowa ya biya kuɗin kujerarsa, man da gida ɗaya yake ƙonawa shi kaɗai sai a raba shi a kan mutum goma sha. Kuma a garuruwa irin Legas da zangon FM ya cika maƙil, wannan ita ce hanyar da sabbin tashoshi za su samu wuri. Ta wannan fuskar ci gaba ne na gaske, ban da ja.

Sai dai akwai abin da masu tallan abin ba sa son faɗa da ƙarfi, a shekarun farko ba sauƙi za ku gani ba, ninki za ku gani, domin ba za ku kashe FM ba alhali masu sauraronku duk suna can, kuma ga kuɗin kujera a bas. Biyu za ku riƙa biya har sai jama'a sun sayi sabbin akwatuna, kuma mun ga yadda Ingila ta kwashe shekaru a wannan halin.

Sannan babbar tambaya, bas ɗin na waye? A talabijin abin da aka yi shi ne aka raba mai shirya shiri da mai watsa shi, aka ba kamfanoni lasisin watsawa, ITS da ta fito daga cikin NTA da kuma Pinnacle. Idan aka kwafo wannan a rediyo, ke da kike da makullin ɗakin na'ura a jakarki yau, gobe makullin yana hannun wani. Yanzu in ana son rufe gidan rediyo sai an aiko takarda ko an turo mota da jami'ai, jama'a su gani, lauyoyi su tashi. A bas kuwa direba kawai za a kira a waya a ce sauke fasinja na bakwai. Kuma duk wanda ya san Kano ya san me rediyo take nufi a siyasar garin tun da Freedom ta buɗe a 2003, shirye-shiryen siyasa na dare su ne majalisar talaka. Ni a ganina duk wata doka da za a rubuta a kan rediyon dijital, in ba ta fayyace waɗannan ba to ba ta fara ba: nawa ne kuɗin kujera kuma wa yake yanke shi, wane dalili ne zai sa a sauke tasha, kuma sai da umarnin kotu ko kuwa da ganin damar wani, sannan an ware wa ƙananan gidajen rediyon al'umma da na jami'o'i kujeru masu rahusa ko an bar su su yi gogayya da masu kuɗi.

Ba tsoro ne na banza ba. A Agustan 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta sanar da soke lasisin gidaje 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan biyu da rabi, daga baya ta jingine matakin bayan an yi ta kai ruwa rana. A Mayun 2023 kuma babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tarar gidajen watsa labarai da kanta tunda ita ba kotu ba ce. Wato ko a tsohon tsarin ma ba a gama daidaita iyakar ikon mai sa ido ba.

Batun wa ke da ragama, NBC ce, wadda aka kafa a 1992, ita ce mai lura da gidajen rediyo da talabijin, kodayake lasisi sai shugaban ƙasa ya sa hannu, wanda shi ma wani zance ne na daban. NCC ta kamfanonin waya ce. Inda suke haɗuwa shi ne wajen rabon zango, domin sararin da talabijin ta bari idan ta koma dijital shi kamfanonin waya suke saye su yi intanet da shi. Kuma ga wani ƙulli, wurin da aka tanadar wa DAB+ nan ne tsofaffin tashoshin talabijin da yawa suke zaune, irin su tasha ta 10 ta NTA a Legas. Sai sun tashi tukuna rediyo ta samu shimfiɗa tabarma. Kin ga kenan jinkirin talabijin shi ne jinkirin rediyo.

In kina son ganin misali kusa da gida ki dubi Gana. A Agustan 2023 hukumar sadarwarsu ta NCA ta fara gwajin DAB+ da tashoshi 18 a Akara da Kumasi, mutumin Kumasi ya kama tashar Akara, na Akara ya kama ta Kumasi, kuma ba su taɓa FM ɗin kowa ba. Gwaji suka kira shi, ba su sa ranar kashewa ba, kuma ni wannan natsuwar ta burge ni fiye da namu salon na sa rana a gaban 'yan jarida a zo a ɗaga.

TAMBAYA: Ni fa ban ga amfanin duk wannan wahalar ba, ai yanzu kowa a waya yake jin rediyo ta Facebook da manhaja, me zai hana a bar shi haka kawai, ai shi ma dijital ne ko? Daga wani mai sayar da kayan waya a Gusau.

AMSA: Dijital ne mana, amma Alhaji kai da kake Gusau ai kai ya kamata ka ba mu amsa. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, makonni babu kira babu data, da me mutane suka riƙa sanin halin da ake ciki? Rediyo ce. Ita ta iska ko mutum ɗaya ne yake saurare ko miliyan biyar kuɗin watsawa ɗaya ne, mai sauraro kuma ba ya biyan sisi bayan batir. Ta intanet kowane kunne da kuɗin datarsa, ga shi a farkon 2025 aka amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari.

Wani abu kuma da ya shafi sana'arka kai tsaye, 'yan ƙananan wayoyin nan na Itel da Tecno da kake sayarwa kusan duk da FM a ciki, wasu sai an sa iyafis wasu ma ba sai an sa ba. Babu DAB+ a cikinsu. Ranar da aka kashe FM ba Kchibo kaɗai za ta yi shiru ba, har rediyon aljihun mai shayi da ɗan acaɓa da matar aure a kicin. Turai da suka so abin ya yaɗu doka suka yi, daga ƙarshen 2020 duk sabuwar mota mai rediyo sai ta zo da na dijital. Mu da motocinmu yawanci 'yan Kwatano ne, sai abin da aka sauke mana.

TAMBAYA: Mu da muke daji da dabbobi FM ba ta kai mana sosai, gajeren zango muke kamawa, shi ma za a taɓa shi? Wani makiyayi ne ya sa ɗansa ya rubuto daga yankin Dakwaro a Nijar.

AMSA: Baffa Allah ya ƙara albarka a garke. Gajeren zango da matsakaicin zango su ma suna da nasu dijital ɗin, sunansa DRM, kuma ni a ganina shi ya fi dacewa da ƙasa mai faɗi irin tamu fiye da DAB+ da ba ya nisa da birni, domin na'ura ɗaya za ta rufe ɗaruruwan kilomita, muryar kuma ta fito tas kamar FM. Indiya ta zuba manyan na'urorinsa a gidan rediyon gwamnatinta. Muryar Najeriya ma tashar da ta buɗe a Lugbe kusa da Abuja a 2012 tana da na'urori masu iya watsa shi. Matsalar dai ita ce akwatin, ka zaga kasuwar Maraɗi ko Sabon Gari a Kano da wuya ka samu mai sayar da rediyon da take kama DRM, ko ka samu kuɗinta ba na wasa ba ne.

Abin da ya fi barazana ga gajeren zango a yanzu shi ne gidajen da suke rage awanni ko su bar tsofaffin na'urori su lalace ba gyara, shi ya sa wani lokacin za ka murɗa mita 49 inda ka saba jin Kaduna ka ji wayam. In haka ta faru ka gwada matsakaicin zango bayan magariba, da dare yana tafiya nesa fiye da rana, kuma ka ɗaura 'yar doguwar waya a jikin eriyar ka rataya a reshen bishiya, za ka ga bambanci.