Ƙanƙanta taswira ba matse hoto ba ne

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce wai me mu masu aikin taswira a nan Turai muke ta faman yi, tunda ai da yatsa biyu ake matse taswira a waya. To, saurara.

A ma'aunin 1:50,000, milimita ɗaya a takarda mita 50 ce a ƙasa. Gida mai faɗin mita 10 bai wuce ɗigon alƙalami ba. Titi mai faɗin mita 6 kuwa ido ba zai gan shi ba sai an kumbura shi, kuma da zarar ka kumbura shi, ya haɗiye gidajen da ke bakinsa. Dole ka tura su gefe, ka haɗe wasu, ka zubar da wasu. Wanne za ka zubar? Nan gizo ke saƙar.

Da can, layi kawai kwamfuta ta sani. Dabarar da wasu masana biyu, Douglas da Peucker, suka fitar a 1973 tana rage ɗige-ɗigen da suka haɗu suka yi layi da kyau, amma ba ta bambanta kogi da titi. Sai ka ga ta miƙe lanƙwasar kogi, gada ta tsaya a tudu ita kaɗai.

Shi ya sa yanzu muke ɗaukar kowane abu a matsayin mai jinsi da hali. Gini jinsi ne mai dokokinsa: kada kusurwarsa ta karkace, kada ya hau titi. Asibiti da makaranta 'ya'yansa ne, sun gaji waɗannan dokoki, sannan asibiti ya ƙara da tasa: ko an share maƙwabta, shi ba a share shi. Gada kuma ta san kogin da take kai, in ya matsa ta bi shi. Wannan maganar gado ita ta fi burge ni, don gyara ɗaya a wajen uba yakan isa dukan 'ya'ya.

Aikin bincike mai suna AGENT da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi daga 1997 zuwa 2000, wanda hukumar taswira ta Faransa, wato IGN, ta jagoranta, ya sa kowane gini a cikin kwamfuta yana gwada gyaran kansa, in abin bai yi ba ya koma baya ya sake. A 2013 Kadaster, hukumar rajistar filaye da taswira ta Holan, ta fara fitar da taswirar 1:50,000 daga bayanan taswirar 1:10,000 ba tare da hannun mai zane ba.

Ni dai har gobe ina duba mahaɗar tituna da idona, don a nan na fi kama kwamfuta da shirme.