Damina Ba Ta Jiran Sa Hannun Malami

Cikin saƙonnin wannan makon akwai guda biyu da ba su shafi taki ko ƙwari ba, amma na sa su gaba domin 'ya'yan manoma ne suka aiko, kuma ƙarshen maganar gona za ta koma.

Na farko daga wani matashi ne mai noman shinkafa a Suru, jihar Kebbi. Ya ce: "Malam, na gama digiri na farko a fannin aikin gona, yanzu ina riƙe da fadamar mahaifina. Ina son yin digiri na biyu a kan shinkafa. Abokaina sun ce in nemi babban farfesa mai suna ya duba mini kundi. Haka ne?"

Ƙanena, ban raina sunan farfesa ba, yana buɗe ƙofa. Sai dai kafin suna ka fara duba lokacinsa, domin bincikenka a ƙasa zai tsiro. Kai ka fi ni sanin yadda abin yake a fadamarku. Shinkafar rani ana zuba irinta wajen Disamba ko Janairu, a dasa bayan sati biyu zuwa uku, kuma irin FARO 44 na cin kusan wata huɗu kafin yanka. Idan tsarin bincikenka ya kwana wata biyu a teburin malami bai karanta ba, dashenka zai makara, shinkafar ta fitar da zangarniya cikin tsananin zafi, ta ƙi cika. Ka yi asarar fetur da kuɗin 'yan ƙwadago, alƙaluman da ka tara ba su da amfani, sai ka jira wata shekara. Ni kaina haka ta faru da ni ina ɗalibi: mai duba mini aiki ya yi doguwar tafiya, ba wanda zai sa hannu, ina ji ina gani ruwan shuka ya wuce. Har yau in na tuna sai na ji zafin abin. Ga kuma yajin aiki, irin na 2022 da ya rufe jami'o'i wata takwas. Mai sa'a a lokacin shi ne wanda malaminsa ya riga ya amince da tsarin gwaji, ya ci gaba da aunawa a gona.

To ta yaya za ka san halin malami tun ba ka shiga hannunsa ba? Kada ka tambaye shi, ɗalibansa za ka tambaya, musamman waɗanda suka gama, don su ba su da sauran tsoro. Kwana nawa babi ke yi a hannunsa? In ya dawo da shi, da gyara a ciki ko sa hannu kawai? Ya taɓa zuwa gonar gwajinsu ya shiga laka, ko hoto ake tura masa a waya? Sannan ka shiga laburaren sashe ka ɗauko kundayen da ya duba. Lambar rajistar ɗalibi galibi tana ɗauke da shekarar shigarsa, bangon kundi kuma yana ɗauke da shekarar gamawa. Ka yi lissafi da kanka. Ka kuma san ko yana dab da ritaya, wato shekara 70 ga farfesa, 65 ga sauran malamai, ko yana shirin tafiya hutun shekara guda cur, ko an ba shi wani muƙami da zai cinye shi.

A sassa da yawa, ko a jami'ar Aliero ne, ko ta Zuru, ko jami'ar Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ta Zariya, sashe ne ke raba ɗalibai ga malamai. Wannan bai ɗaure maka hannu ba. Ka je tun kafin rabo da shafi biyu a rubuce: ga matsalar da na gani a gonarmu, ga abin da nake son gwadawa. Malamin da abin ya ja hankalinsa shi zai nemi a ba shi kai.

Matsala kuwa ba sai ka aro ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san abin da ruwa ya yi wa shinkafa. Tun 2017 aka fitar da FARO 66 da FARO 67 masu jure nutsewa na kusan sati biyu, amma yaya suke yi a ƙasar Suru idan aka jera su da irin da kuka saba? Wannan tambaya ce da mahaifinka ma zai so jin amsarta. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a jihar Neja ita ke da alhakin shinkafa a ƙasar nan, tana kuma da reshe a Birnin Kebbi. Ka tambayi sashenku ko doka ta yarda a sa ɗaya daga masu binciken can cikin masu duba maka aiki.

Idan a fadamarku kake son yin gwajin, ka faɗa wa malamin tun ranar farko, ka ji ko zai iya zuwa. A auna ƙasa kafin shuka, kowane gwaji a maimaita shi aƙalla sau uku. Kuma ka zauna da Baba ka yi masa bayani da ladabi, domin na sha ganin dattijo ya tausaya wa kuyyar da aka hana taki da gangan, ya watsa mata da asuba, aikin ya rushe.

Saƙo na biyu daga wata malama ce a Aliero mai bincike kan ajiyar albasa. Ta ce an ba ta malamai uku, wannan ya gyara, wancan ya warware, ta rasa na bi.

Malama, kwamitin nan an yi shi ne don kowa ya toshe inda ɗan'uwansa bai kai ba. A aiki irin naki ana son wanda ya san albasa bayan girbi, da wanda ya san cututtukan ruɓa, da mai ƙididdiga. Shi mai ƙididdigar kada ki bari sai kin gama aunawa ki kai masa, tun kafin ki zuba albasa a rudu, wato ma'ajiyar albasa ta gargajiya, ya ga tsarin. Ki roƙi babban mai duba aikin ya tara su zama ɗaya, ko na rabin awa ne, ki rubuta abin da aka tsayar, kowa ya sa hannu. Daga nan duk gyaran da ya saɓa, wurin babban za ki kai, shi ke da yanke magana. Kada ki ɗauki zancen wani ki kai wa wani, ko da an ja ki da hira. In abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kina da damar neman canji a rubuce ta hannun shugaban sashe, kuma babu kunya a ciki.

Amma ki hanzarta. Albasar rani tana fitowa wajen Fabrairu da Maris, kuma awon farko na nauyi ranar da ta shiga rudu ake yin sa. In wannan awon ya wuce ki, duk na bayansa ba su da abin da za a gwada su da shi.