Me Ya Sa 'Yan Kwana-kwana Suka Bar Shagon Da Ke Ci Suka Koma Jiƙa Na Maƙwabta?

Tambaya: Kwanan baya gobara ta tashi a wani shagon katifu a layinmu. Da 'yan kwana-kwana suka iso, sai shugabansu ya tsaya tambayoyi, daga nan suka juya tiyo kan shagunan gefe, wanda ke ci kuwa ya ƙone ƙurmus. Har wasu matasa suka fara jifansu. Wannan aiki ne ko sakaci?

Amsa: Malam, Allah ya mayar wa mai shagon da alheri, ya kiyaye gaba. Abin da ka gani aiki ne, kuma bisa ƙa'ida suka yi shi.

Tambayar farko da shugaban ke yi ita ce: akwai mutum a ciki? In an ce akwai, komai sai ya jira. Galibin waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke kayar da su tun kafin harshen wuta ya taɓa su, hayaƙin soson katifa kuwa guba ne tsantsa. Shi ya sa masu ceto ke shiga da rarrafe, suna lalube a gindin bango da bayan ƙofa da ƙarƙashin gado, inda yara kan ɓuya. A gidajenmu, ƙarfen tagar da muka kafa don ɓarawo shi ne kan tare mai neman fita.

Sai ya tambayi lantarki, an yanke ko ba a yanke ba, da tukunyar gas, da janareta, da jarkar fetur. Ruwa a kan waya mai wuta yana iya hallaka mai riƙe da tiyo. Fetur kuma ba ya mutuwa da ruwa, hawa kansa yake yi ya bi kwata da wutarsa zuwa ƙofar wani, sai da kumfa ake danne shi.

Batun jiƙa maƙwabta kuwa lissafin ruwa ne. Tiyo ɗaya na iya zuƙe lita 400 zuwa 500 a minti guda, don haka mota mai lita 4,000 da ƙyar za ta kai minti 10. Yawancin unguwanninmu babu famfon gobara a bakin titi, in ruwa ya ƙare sai a jira tanka. Shagon katifun da wuta ta riga ta fito ta rufinsa ya tafi, ko an juye masa ruwan duka toka za a samu. Amma zafinsa na gasa ƙyauren maƙwabci, wutar kuma na bi ta cikin silin, tunda shagunan layi rufinsu ɗaya ne. Nan ne ruwan zai yi amfani. Wanda ya ga yadda gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta lashe dubban shaguna a watan Maris na 2016 ya san abin da suke gudu.

Abin da ya fi damuna shi ne taimakon jama'a, duk da niyyar alheri ce. Wutar da ke ɗaki a rufe iska take nema. Da an ɓalle ƙofa da gatari ba tare da ruwa a shirye ba, iska ta faɗa ciki, sai ɗakin gaba ɗaya ya kama lokaci guda, wanda ke bakin ƙofar shi zai fara ƙonewa. Jifa kuma, don Allah a daina. Duk dutsen da ya fasa gilashin motar, gidan wani ne zai rasa ta gobe.

In haka ta sake faruwa, Allah ya tsare, a kira 112 tun hayaƙin farko, a janye motoci da babura daga hanya, mutum ɗaya da ya san ginin ya tari shugaban ya faɗa masa wa ke ciki da abin da aka ajiye. Bayan wuta ta lafa kuma a bar su su tone tarkacen su jiƙe shi, domin katifa da auduga kan riƙe wuta a cikinsu su sake tashi cikin dare.