Ajiye Sukundireba, Duba Saitin Taɓi Tukuna

Ka ce an kawo maka ƙaramin kibod na kiɗa, na ɗauka a hannu, mai shi yana kukan sai ya dage ya buga kafin sauti ya fito sosai, kana tambaya ko ka kwance shi. Kada ka yi gaggawa, ɗana. Fara bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, da bugu iri ɗaya. In duka haka suke, saiti ne. In ɗaya ko biyu ne suka fita daban, to nan ne za a yi maganar kwancewa.

Kibod ba ya jin nauyin hannunka, saurin saukar maɓalli yake aunawa. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba mai baƙaƙen ɗigo biyu. In ka danna, ɗaya ya riga taɓa allon lantarki, ɗayan ya biyo baya, na'urar kuma ta ƙirga ɗan lokacin da ke tsakaninsu ta mayar da shi lamba, daga 1 zuwa 127, bisa tsarin MIDI, wato harshen da kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi, da aka fito da shi a 1983. Gajeren lokaci, babbar lamba, sauti mai ƙarfi.

To saitin taɓi shi ne ke yanke yadda za a fassara wannan sauri. A kibod ɗin kamfanin Yamaha za ka tarar da mai laushi, matsakaici, mai tauri, da tsayayye. Kamfanin Korg kan ba su lambobi ne. Sunan yana ruɗar mutane: mai laushi yana nufin ɗan taɓi kaɗan ya ba ka sauti cikakke, mai tauri kuwa sai ka yi da gaske kafin ka kusa 127. Ina kyautata zaton na mutumin nan a kan mai tauri yake. Mayar da shi matsakaici, ka ba shi ya kaɗa da hannunsa. Shi zai gwada, ba kai ba, don wanda ya saba da babban fiyano mai nauyin maɓalli hannunsa ya fi na mai koyo sauka, kuma ƙananan maɓallan nan ba su da tafiya mai nisa. Tsayayye kuma, ko ka shafa ko ka doka, lamba ɗaya yake bayarwa. Yana da kyau ga sautin ogan, amma fiyano a kansa ba ya da rai.

Kada ka rufe matsalar da ƙara bolum. A yawancin sautuka wannan lamba tana taɓa har launin muryar, bugu mai sauri ya fi haske da kaifi. In ka ƙara bolum kawai, dusasshen sautin ne zai ƙara ƙara.

Maɓalli ɗaya da kullum yake tsawa ko yaya ka lallaɓa shi, yawanci ƙura ce a kan ɗigon robar. Auduga da ɗan sifirit, ka bari ya bushe.

Tunda ka shiga saitin na'urar gaba ɗaya, leƙa sauran. Saitin da ake kira lokal in a kashe yake, maɓallan ba za su yi magana da injin sautin ba, kibod ya yi tsit kamar ya mutu, alhali an kashe ne don haɗawa da kwamfuta. Daidaiton murya ya zauna a 440, ɗaga ko sauke murya a sifili. Feda in tana aiki a juye, kashe kibod ka kunna ba tare da ƙafa a kanta ba, da yawansu lokacin tashi suke gane irinta. Saitin da kibod ke kashe kansa don tattalin batir ma ka nuna wa mai shi, kada ya dawo gobe ya ce yana mutuwa.

Wasu samfuran ba sa riƙe canji sai ka danna adanawa. Adana, kashe, kunna, ka sake dubawa kafin ka miƙa masa.