Wai rigakafi da NIN alamar 666 ce?

'Yar'uwa, na ga tambayarki, kin ce mama ta daina barci tun da aka turo mata wani sakon murya a WhatsApp wai rigakafi da lambar NIN ta shaidar dan kasa alamar dabbar nan ce ta 666 da ke littafin Wahayi a Littafi Mai Tsarki, har ta ki zuwa asibiti.

Nima na sha wannan a 2020 lokacin kullen korona, muna Agege a daki daya, wata a rukunin matan cocinmu ta turo cewa 5G, wato sabuwar fasahar intanet ta waya, ne ke kawo cutar, wallahi har kashe waya nake da dare. Alhali 5G bai fara aiki a Najeriya ba sai 2022, cutar kuwa ta riga shi shigowa.

Ki zauna da mama ku karanta Wahayi sura 13 tare a hankali, alamar tana hade da yi wa dabbar sujada ne, mutum ya zabi juya wa Kristi baya da saninsa. Allura a kafada ba ta raba kowa da Yesu. Ishaya 8:12 ma ya ce kada mu kira komai makirci don mutane sun kira shi haka, kada mu ji tsoron abin da suke tsoro.

Kar ki yi mata dariya ko gardama a gaban mutane, sai ta kara kafewa. Ki tambaye ta wa ya fara sakon, galibi ba suna ba kwanan wata.

Idan rashin barcin ya wuce sati biyu ko ta daina cin abinci, ku ga fasto, amma ku ga likita ma, akwai asibitin kwakwalwa na tarayya a Yaba, Legas.